Sista, Yarana Shida Ne, Me Ya Sa Harajina Bai Ragu Ba?

 Da fatan yara sun samu sauƙin mura da tarin da hunturun bana ya zo da su. Kun saba da ni a kan maganar awo, shayarwa da zazzaɓin dare, to yau ku yi mini uzuri, zan ajiye ma'aunin zafi in ɗauki biro da kalkuleta. Tun da albashin watan Janairu ya shigo, tambayoyin da kuke aiko mini a kan haraji sun fi na ciwon ciki yawa.

Abin da ya sa na kasa kau da kai kuwa, a gabana ya faru. Ina aikin dare, wajen ƙarfe biyu, ɗakin haihuwa ya yi shiru, sai wata yayata a wurin aiki ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ta girme ni da shekaru, mijinta ya rasu ya bar mata yara shida, ga mahaifiyarta a hannunta. Ta ciro wata baƙar leda daga jakarta ta kwance, sai ga takardun haihuwar yaran gaba ɗaya, an jera su daga babba zuwa auta.

Ta ce, "Sista, an ce a sabuwar doka kowane yaro akwai abin da za a rage miki. Akwai wani yaro a unguwarmu da ya ce in kawo takardun da naira 5,000 zai cike mini fom a intanet, har a dawo mini da na baya."

Na ce, "Yaya, kin ba shi kuɗin?"

Ta ce, "Sai gobe in Allah ya kai mu."

Na ce ta mayar da ledarta cikin jaka, ta ba ni kwana uku. A cikin kwanakin nan na nemo dokar na karanta abin da ya shafe mu, na kuma zauna da wani akanta ya bi da ni lissafin layi-layi. Ni ba akanta ba ce, amma abin da na tabbatar da shi ne zan shimfiɗa miki a nan, tambaya bayan tambaya.

Wai wace sabuwar doka ce ake ta magana?

A ranar 26 ga Yunin 2025 shugaban ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda 4, biyu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma ranar 1 ga Janairun 2026. A cikinsu akwai wadda ta canza yadda ake lissafin harajin da mutum ke biya a kan abin da yake samu. Shi ya sa wasu suka ga alat ɗin albashinsu na Janairu ya ɗan bambanta da na Disamba.

Harajin ma'aikaci ana cire shi ne tun kafin albashi ya iso hannu, tsarin da ake kira PAYE. Wanda ya ɗauke ki aiki shi ke cirewa, kuma doka ta ce ya miƙa shi zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Kuɗin na jihar da kike zaune ne, mu a nan hukumar tara kuɗin shiga ta jihar Kaduna, wato KADIRS, ita ke karɓa. Wannan ya shafi mutanenmu sosai, domin Ikara da Makarfi sun yi iyaka da jihar Kano. Idan kina zaune a Paki kina tsallakawa Kwanar Dangora koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, harajinki na Kaduna ne, ko da makarantar tana ƙasar Kano. Inda kike kwana ake dubawa. Garin haihuwarki ko garin mijinki bai shigo ciki ba.

To yarana fa? Ba a rage mini komai saboda su?

Gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu: a dokar da ake aiki da ita, babu ragin ko kwabo saboda yawan yara. Mai yaro ɗaya da mai yara tara, in albashinsu ɗaya ne kuma sauran takardunsu ɗaya, harajinsu ɗaya ne. Haka nan babu ragi saboda kina riƙe da mahaifiya, ko surukarki, ko marayun ɗan uwanki. Kuɗin makaranta, kuɗin Islamiyya, kuɗin magani da zakkar da kika fitar, duk ba sa cikin jerin abubuwan da ake cirewa.

Na san wasu daga cikin manyanmu za su ce, "Ai da muna rubuta sunayen yara a fom." Gaskiya ne. A tsohuwar doka akwai ragin naira 2,500 a kan kowane yaro, amma bai wuce yara 4 ba, sai naira 2,000 a kan ɗan uwan da kike riƙo, shi kuma bai wuce mutum 2 ba. Sai dai ki lura, wannan kuɗin daga jimillar da za a yi wa lissafi ake cire shi. Yara huɗu naira 10,000 ke nan a shekara, ko da a kan kashi 25 cikin 100 ake cajin ki, abin da ya dawo aljihunki bai wuce naira 2,500 ba a shekara guda cur. A 2011 aka shigo da wani dunƙulallen sassauci na kowa da kowa, daga baya aka goge maganar yara daga dokar gaba ɗaya. Yanzu shi ma dunƙulallen sassaucin an cire shi a sabuwar doka, an kawo wani tsari a madadinsa.

Ina ganin abu biyu ne ke rikita mu. Na farko tarihi. Kakata, Allah ya jiƙanta, in aka ce haraji, ƙidayar kawuna take tunawa: mai unguwa ya bi gida-gida ya ƙirga maza baligai, dagaci ya tara ya kai wa hakimi, Fulani kuma a ƙirga musu shanu a karɓi jangali. Sai a 1979 gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna. Har yau a zukatanmu haraji yana tafiya ne da yawan mutanen gida. Na yanzu kuwa naira yake ƙirgawa.

Na biyu waya. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu za ki ga 'yan Najeriya mazauna Amurka suna ta bidiyo a TikTok da Facebook cewa gwamnati ta dawo musu da kuɗin haraji saboda 'ya'yansu. Ba ƙarya suke yi ba, a can akwai wannan tsari. A Ghana ma akwai ragi saboda karatun yara da riƙon tsofaffi, maƙwabtanmu na Nijar su ma ana duba nauyin iyali a harajin albashi. Dokarsu ce, tamu ba ta tanadi haka ba. Ni dai a ra'ayina, a ƙasar da mace ɗaya ke ciyar da mutum takwas da albashi ɗaya, ya kamata 'yan majalisa su sake duba wannan. Amma kafin a duba, kada wani ya sayar miki da abin da babu shi.

In ba yara ba, me ake cirewa?

Abu 6 ne doka ta yarda a cire daga abin da kika samu a shekara kafin a fara lissafi:

1. Kuɗin fanshon da ake yanka daga albashinki.
2. Gudummawar asusun gidaje na ƙasa, wanda za ki gani a takardar albashi da sunan NHF.
3. Gudummawar inshorar lafiya ta ƙasa.
4. Kuɗin inshorar rai da kika biya wa kanki ko mijinki.
5. Kuɗin ruwan da aka biya a kan rancen gina gidan da mutum ke zaune a ciki.
6. Rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da kika biya a shekara, amma ba zai haura naira 500,000 ba.

Na ɗaya zuwa na uku galibi ofishin albashi ya san da su, tunda su ke yankewa. Na shida kuwa babu wanda zai sani sai kin faɗa, kuma sai kin nuna shaida. A nan ne yawancinmu za mu yi asara ba tare da mun ji a jikinmu ba.

Yaya ake lissafin?

Bayan an cire waɗancan, abin da ya rage ana hawa da shi ne mataki-mataki:

Naira 800,000 ta farko a shekara: babu haraji.
Naira miliyan 2.2 da ke biye: kashi 15 cikin 100.
Naira miliyan 9 da ke biye: kashi 18.
Naira miliyan 13 da ke biye: kashi 21.
Naira miliyan 25 da ke biye: kashi 23.
Abin da ya haura miliyan 50: kashi 25.

Yawancinmu a mataki na ɗaya da na biyu muke. Wanda kuma albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wato naira 70,000 a wata, doka ta yafe masa.

Wata ta rubuto mini daga Hunkuyi cewa tana tsoron ƙarin girma, wai in ta haura 800,000 za a caje ta kashi 15 a kan albashin gaba ɗaya. Ki kwantar da hankalinki, malama. Abin da ya hau kan 800,000 kaɗai ake caja. In kin haura da naira 10,000, harajinki na shekara naira 1,500 ne. Ƙarin girma ba ya mayar da mutum baya.

Ga misali. A ce albashinki kafin a yanki komai naira 150,000 ne a wata, a shekara 1,800,000 ke nan. Ana cire miki 12,000 na fansho duk wata, wato 144,000 a shekara, saura 1,656,000. Ki cire 800,000 da ba a taɓawa, saura 856,000. Kashi 15 na wannan shi ne 128,400 a shekara, wato 10,700 a wata. Da tsohon lissafi, wannan albashin kusan 11,100 yake biya a wata. Kin ga an samu sauƙi, amma ba irin wanda ake ta kururutawa ba.

Yanzu a ce kina biyan hayar naira 300,000 a shekara kuma kin kai shaida. Kashi 20 shi ne 60,000. Sai a cire shi, saura 796,000, harajin ya koma 119,400 a shekara, wato 9,950 a wata. Ribar rasit ɗinki naira 9,000 ce a shekara. Ki lura da kyau, 60,000 ɗin ba a hannu za a ba ki ba, rage jimillar da ake caja kawai take yi. Duk da haka naira 9,000 ta isa littattafan rubutu da fensir na zango, kuma haƙƙinki ce.

Ni nake biyan haya, amma rasit da sunan maigida. Yaya ke nan?

Wannan tambayar ta fi kowace zuwa, kuma ta taɓa ni, domin ni ma na yi wannan sakacin. Shekara uku ina haɗa kuɗin haya daga albashina, maigida ya kai wa mai gida hannu da hannu, a yi addu'a a tashi. Babu rasit, babu takarda. Da na je neman shaida a watan jiya, sai da muka sayo littafin rasit da kanmu muka kai wa dattijon, ɗansa ya rubuta, shi kuma ya sa hannu.

A Najeriya miji da mata ba a haɗa musu lissafin haraji, kowa da nasa. Rangwamen haya na wanda ya biya ne. In maigida ke biya, shi zai nema a wurin aikinsa. In ke kike biya, rasit ya fito da sunanki, da adireshin gidan, da adadin kuɗin, da watannin da aka biya, da suna da sa hannun mai gida. In ta banki kika tura, ki adana shaidar turawar, ta fi ƙarfi. In kuma haɗawa kuke yi, a rubuta abin da kowa ya bayar, kada ku biyun ku nemi rangwame a kan cikakken kuɗin. Kada kuma ki ƙara adadi don ragin ya yi yawa, ƙarya a takardar haraji laifi ne.

Na san a wasu gidajen maganar tana da nauyi. Namiji ba ya son a san matarsa ce ke biyan haya, ke ma rufin asirinsa kike so. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki nuna masa lissafin a takarda, ki ce masa rasit ɗin daga ke sai ofishin albashi. Idan shi manomi ne ko ɗan kasuwar da samunsa bai kai matakin biya ba, rasit da sunansa ba ya rage wa kowa komai, alhali da sunanki yana dawo da kuɗi cikin gidan.

Masu zaune a gidan kansu ko gidan gado, babu wannan rangwamen a gare ku, tunda ba ku biyan haya. Kada wani ya ce zai ƙirƙiro miki rasit.

Ina sana'a a cikin gida. Ni ma haraji ya hau kaina?

Mata da yawa a yankinmu ba su da takardar albashi, amma suna juya kuɗi. Wata tana sarin mazarƙwaila a Makarfi tana aikawa Zariya, wata tana busar da tumatir a Ikara tana ajiyewa sai ya yi tsada, wata a Kudan tana sayar da inabi lokacin kakarsa, ga masu ɗinki, kitso, ƙuli-ƙuli da kayan kicin.

Riba ake dubawa. Jarin da kika zuba da abin da kika kashe domin sana'ar, kamar kuɗin mota, dako, buhu da gawayi, duk ana cire su tukuna. In kin sayar da kayan naira miliyan 2 a shekara, amma sari da sauran ɗawainiya sun ci miliyan 1.4, ribarki 600,000 ce, ba ta kai 800,000 ba, babu harajin samu a kanki. Sai dai wa zai yarda da ke in babu rubutu? Wanda ba ya ajiye lissafi, doka ta ba hukuma damar yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasi ba kullum yake yi wa mutum daɗi ba. Ki sayi littafi mai layi, shafin hagu abin da ya fita, na dama abin da ya shigo, da kwanan wata. In rubutu yana ba ki wahala, ki sa 'yarki ta sakandare ta riƙa yi miki bayan sallar isha'i.

Ke kuma mai albashi da sana'a a gefe, ki sani haɗa su ake yi. Naira 800,000 ɗin nan sau ɗaya ake ba mutum a shekara. In albashi ya riga ya cinye ta, ribar sana'ar a kan matakin da kike za ta hau.

Kuɗin da ɗan uwana ke turo mini fa? Da adashe?

Kyauta ba samun aiki ba ce. Abin da yayanki ya turo daga Legas ko Saudiyya domin cefane ko maganin Inna, da gudummawar biki ko suna, da kuɗin cefanen da maigida ke turo miki, babu harajin samu a kansu. Kwasar adashe kuɗinki ne da kika tara ya dawo miki. Gado ma ba a cajinsa a matsayin samu, amma in kin gaji shago kika ba da shi haya, kuɗin hayar da ke shigowa samu ne. Fanshon da tsofaffinmu ke karɓa a ƙarƙashin dokar fansho shi ma an yafe shi.

An yi ta yaɗa cewa daga Janairu duk kuɗin da ya shiga asusu za a yanke masa haraji kai tsaye. Wasu mata har sun kwashe kuɗinsu sun mayar ƙarƙashin katifa. Wanda ya shugabanci kwamitin da ya tsara dokokin, Taiwo Oyedele, ya sha fitowa yana ƙaryata wannan. Naira 50 da kike gani ana cirewa idan an tura naira 10,000 ko fiye, harajin hatimi ce, ba ta da alaƙa da harajin samu. Shawarata dai, in da hali ki raba asusun sana'a da na cefane, domin ranar da aka tambaye ki, bayani ya zo miki da sauƙi.

Tunda ana cire mini duk wata, sai na sake cike wani fom?

E. Ranaku biyu za ki riƙe. Wanda ya ɗauke ki aiki zai kai wa hukuma bayanin albashi da harajin duk ma'aikatansa na shekarar da ta wuce zuwa 31 ga Janairu. Ke kuma a karan kanki, doka ta ce ki miƙa bayanin duk abin da kika samu a shekarar da ta wuce zuwa 31 ga Maris, ko da lissafi ya nuna babu abin da za ki biya. Sabuwar dokar ta sa tara mai nauyi ga wanda ya ƙi: naira 100,000 a watan farko, sai 50,000 a kowane watan da ya biyo. Ban kawo wannan don in tsorata ki ba, na kawo ne don kada ki ɗauki abin da wasa.

Bayanin Maris ɗin 2026 na shekarar 2025 ne, wadda aka yanke da tsohon ma'auni. Rangwamen haya ya fara ne daga samun Janairun 2026. Saboda haka ki kai shaidar hayarki ofishin albashi tun yanzu, domin a gyara yankan wata-wata, kada ki jira ƙarshen shekara. Lambar NIN ɗinki ita ce madogarar lambar harajinki, ki tabbatar sunan da ke kanta ya yi daidai da na takardar albashi da na banki. Mu mata mun fi shiga wannan matsalar, wata takarda da sunan mahaifi, wata da sunan miji.

Amfanin miƙa bayanin yana fitowa ne ranar da kika buƙaci takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru 3 na baya. Ana neman ta wajen takardar mallakar fili, amincewa da taswirar gini, neman kwangila ko rancen gwamnati. Na ga wadda ta shekara goma ana yankar mata, da ta je neman takardar sai aka ce sunanta bai fito ba, domin inda take aiki suna yanka amma ba sa miƙawa. Ki riƙa neman wannan takarda ko ba ki da buƙatarta, ita ce za ta nuna miki ko kuɗinki yana isa inda aka ce.

In an yanke mini fiye da ƙima, ana dawowa da shi?

Ana dawowa, amma sai kin nema a rubuce. Ki fara da ofishin albashinku, ki je da takardun albashi da lissafinki a takarda, sau da yawa a nan ake gyarawa a rage a watannin gaba. In abin ya gagara, ki rubuta wa KADIRS, ki haɗa kwafin takardu, ki karɓi kwafin da aka buga wa hatimi. Doka ta ba da shekara 6 a nemi irin wannan kuɗin, kuma in hukuma ta amince, kwana 90 gare ta ta biya, ko a lissafa miki shi a harajin gaba. In kuma an aiko miki da takardar ƙiyasin da ba ki yarda da shi ba, kwana 30 gare ki ki rubuta ƙorafi, kada ki jefa ta cikin kwaba ki manta. Sabbin dokokin sun kuma kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, ga wanda ya ga an zalunce shi.

Hattara da masu cin kasuwar ruɗani

Duk lokacin da sabuwar doka ta fito, 'yan damfara su ma kakarsu ta yi. Tun 2016 dokar jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga na gwamnati hannu da hannu, ta banki ko na'ura ake biya, a ba ki rasit. Wanda ya zo ƙofar gidanki ya ce ki ba shi tsabar kuɗi na haraji, ki ce ya rubuto miki takarda. Wanda ya kira ya ce za a dawo miki da kuɗi amma ki karanto masa lambobin katinki ko lambar sirrin da aka turo miki, ki kashe wayar. Takardun haihuwar yaranki da lambobin NIN ɗinsu kuma, kada ki miƙa su ga wanda ba ki san inda zai kai su ba.

Kullum ina gaya muku ku adana katin riga-kafi a leda, nesa da ruwa da hannun yara. Ki samo leda ta biyu. A ciki ki sa takardun albashi na kowane wata, rasit ɗin haya, shaidar fansho da littafin sana'a. Ki ɗauki hotonsu da waya ki tura wa kanki, saboda gobara ko ɗigar damina.

Yayata ta wurin aiki, da muka zauna bayan kwana ukun, mun yi nata lissafin. Albashinta naira 80,000 ne, ana cire 6,400 na fansho, harajinta 1,040 a wata. Tana biyan hayar ɗaki biyu 120,000 a shekara. Da rasit, harajin zai koma 740, wato naira 3,600 za ta tsira da ita a shekara. Ta yi shiru tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ashe yaron nan 5,000 zai karɓa a kan abin da bai kai 5,000 ba, kuma ba ta hanyar da ya faɗa ba." Na ce, "Haka ne, Yaya." Ta ce to yaran fa, shi ke nan gwamnati ba ta san da su ba? Ban sami amsar da za ta faranta mata ba, na dai ce Allah ya san da su, ya kuma raya mata su. Ta mayar da takardun haihuwar gida, washegari ta aiki babban ɗanta ya sayo littafin rasit.

Ke ma a daren yau, bayan yara sun kwanta, ki ɗauko takardar albashinki ta Disamba da ta Janairu ki jera su, ki nemo layin haraji, ki yi lissafin da muka yi a sama. In ba a ba ki takardar albashi a inda kike aiki, ki nema, haƙƙinki ce. Wadda lissafinta ya ƙi fita ta ajiye tambayarta a ƙasa, amma don Allah ban da lambar asusu, lambar NIN ko hoton takardar da ke ɗauke da sunanki. A mako mai zuwa za mu koma fagenmu, mu yi maganar sanƙarau da shirin shigowar zafi, in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a abin da muke samu, ya raya mana zuri'a. Na bar ku lafiya.